Alawar Auren Iliya

Mutumin da aka ce zai tarbe mu a filin jirgin São Paulo bai zo ba, kuma har yau da nake ba ku labarin nan bai zo ba. Muna tsaye ni da Iliya da jakunkunanmu, muna leƙa fuskar duk baƙin mutumin da ya gifta. Muka yi ta kiran lambar da dillalin da ya shirya mana tafiya ya ba mu tun a Bauchi, wata mata tana amsawa da yaren da ko kalma ɗaya ba ma ji. Sai daga baya muka gane ashe na'ura ce take gaya mana layin a kashe yake. Ni kuwa har gaishe ta na yi ta yi, ina cewa baiwar Allah a taimaka.

Ni Habu ne, ɗan mahauta daga unguwar Wunti a cikin Bauchi. Iliya ɗan Fadaman Mada ne, tela, shagon maigidansa yana kallon teburin babana a kasuwa. Tun muna yara ba a ganin ɗaya babu ɗaya. Ni na ji labarin cewa a Brazil ana neman Musulmi masu yanka kaji a manyan kamfanoni, ni kuma na zuga shi har ya ajiye almakashi ya biyo ni. A gaban mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, na dafa ƙirji na ce tare za mu tafi, tare za mu dawo. Shirinmu mu tara abin da za mu tara, mu kama shaguna biyu a jere a Wunti, ni da firinjin kaji, shi da kekunan ɗinki. Abin da na riƙe ke nan a raina, shi ya sa duk wahalar da ta biyo baya ban ɗauke ta komai ba.

Wani ɗan Senegal mai sayar da tabarau a bakin titi ne ya tsince mu. Ya ga hular Iliya ya yi mana sallama, wallahi da na ji sallamar nan sai da idona ya kawo ruwa. Ya kai mu wani masallaci a unguwar 'yan tireda, muka yi kwanaki muna kwana a barandar wani ɗan'uwansa, muna cin burodi da ruwan shayi. Shi ya nuna mana ofishin da baƙi ke neman takardar zama, shi kuma ya gaya mana gaskiya: aikin yanka yana nan, amma ba a São Paulo ba, sai can kudu, a jihar Paraná. Ya raka mu tasha ya sa mu a mota, ya ƙi karɓar ko godiya mai tsawo.

Tun a motar nan na fara lura da abin da zai dame ni. Ni na naɗe hannu ina kallon gonaki ta taga, ina tunanin masar da ake soyawa a bakin layinmu da safe. Iliya kuwa ya juya yana hira da wata tsohuwa da hannu da ido. Ya nuna taga, ta faɗi sunanta. Ya nuna saniya, ta faɗa. Kafin mu sauka ya iya cewa na gode, ya iya cewa sanyi, tsohuwar kuma ta cika masa hannu da wasu 'yan curin burodi masu cuku a ciki. Ya miƙo mini, na ce ba na jin yunwa. Ƙarya nake yi, cikina har kuka yake.

Garin da muka sauka ƙarami ne, kamfanin kajin ya fi garin girma. Aka ba mu fararen kaya da takalman roba da wuƙa. Za ka tsaya kana fuskantar alƙibla, kaji suna wucewa a rataye ta ƙafa a jikin sarƙa, kowacce sai ka yi mata Bismillahi Allahu Akbar ka ja wuƙa. Ba sa tsayawa. Ko atishawa ta kama ka, kaza ba ta jiranka. Ga sanyin da ke ratsa takalmi ya kama ɗan yatsa, ga wari, ga ƙarar inji. A satin farko Iliya ya yi ta amai, hannunsa ya kumbura har ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Ni na koya masa riƙon wuƙa. Ni na nuna masa yadda ake wasa ta, da yadda ake sakin wuyan hannu don kada ya sage. Da muka koma ɗaki ni nake gasa masa hannu da ruwan zafi, yana cewa, "Habu, ka kawo ni inda zan mutu." Ina cewa, "Kai dai ka yi shiru, ɗan Fulani, saura kaɗan mu koma gida." A lokacin nan ni ne babba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan.

Ɗakin da muka kama a bayan gidan wata mata yake, Dona Selma. Bazawara ce, gajera, mai faɗin hannu, tana zaune da 'yarta Luiza da ke aiki a kantin magani. Ranar da sanyi ya fara sauka sosai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta miƙo barguna biyu. Da ta gane ba ma cin waken da take dafawa saboda naman alade, sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna mana cewa wannan tamu ce har abada. Matar nan ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ina faɗa ne tun yanzu, don kada ku ji abin da zai biyo baya ku ce ita ce.

Sana'arta yin alawar biki. Sunan abin bem-casado, kuma a can ba a yin aure babu shi. 'Yan fayafayan kek ne masu taushi, kowanne bai wuce tafin hannun jariri ba. Sai a shafa wa ɗaya madarar da aka dafa da sukari har ta yi ja ta yi kauri, a kifa ɗaya a kai, a tsoma a ruwan sukari, a bari ya kwana ya sha iska. Washegari a naɗe kowanne a takarda mai laushi, a ɗaure da ɗan ƙyalle siriri. Duk ranar Alhamis gidan sai ya cika da ƙamshin ƙwai da madara, matan makwabta su zagaye teburin kicin suna naɗi suna surutu.

Wata Alhamis muka dawo daga aiki, Iliya ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana kallon yadda suke ɗaure ƙyallen. Ya girgiza kai. Ya wanke hannu, ya karɓi ɗaya, ya murɗa yatsunsa na tela, sai ga ɗauri ya fito tsaf, kunne biyu daidai wa daida. Matan suka sa ihu. Dona Selma ta kama kumatunsa da hannu biyu ta ce, "Meu filho!" Na tambaye shi me ta ce. Ya ce, wai ɗana.

"Ɗanta? Ita ta haife ka? To Inna fa?"

"Kai Habu, magana ce kawai. Zo ka zauna mana."

Ban zauna ba. Na wuce ɗaki na kwanta da takalmina, ina jiyo dariyarsu ta bango. Daga ranar duk Alhamis Iliya yana kicin. Ya dawo da sukari a gaban riga, bakinsa cike da sababbin kalmomi. Har wani ganye mai ɗaci da suke zuƙa a ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe, kowa ya sa baki ya miƙa wa na kusa, shi ma ya koya. Mutumin da a Bauchi ko kofin wani ba ya sha da shi!

Ya sha kawo mini alawar nan ɗaki. Na ce ba zan ci ba, wa ya sani ko da giya a ciki. Ya ce shi da idonsa yake ganin haɗin, ƙwai ne da fulawa da sukari da madara. Na ce zaƙi yana sa mini ciwon haƙori. Ya ce yaushe, kai da kake cinye alkaki faranti guda a bikin mutane? Ya fara yi mini bayanin abin da alawar take nufi a wajensu, na ja bargo na rufe kai na ce barci nake ji. Gaskiyar magana ita ce abin ya tsone mini ido. Duk lokacin da na ga ɗan ƙunshin nan da ɗaurin Iliya a kai, sai in ji kamar an ɗauke mini wani abu daga aljihu.

A wajen aiki ma haka. Shekara ba ta rufa ba aka ɗauke shi daga kan layi, aka ba shi farar hula mai shuɗin layi, ya zama shi ke tsakanin mu masu yanka da manyan kamfani, tunda yana jin yarensu. Ni da na gaji wuƙa kaka da kakanni ina tsaye cikin jini, wanda na koya wa yanka yana zagawa da hannu a baya yana duba wuyan kajina. Wata rana ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, "Habu, wuƙarka ta ɗan dakushe." Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Ya dube ni, na dube shi. Bai sake yi mini magana a wajen aiki ba. Wuƙar kuwa ta dakushe ɗin, shi ya fi ƙona mini rai.

Kada ku ɗauka Luiza nake so. Yarinya ce mai hankali, takan gaishe ni da "sannu" da Iliya ya koya mata, in amsa a daƙile. Ni ba ita nake kishi a kai ba, ita nake kishi da ita. Da, in Iliya ya ga abin dariya a hanya, ni yake fara nema da ido. Yanzu sai ya adana ya kai mata. Da, in an kira daga gida, tare muke kifa kai a kan waya. Yanzu sai ya ɗauki wayar ya shiga cikin gida don Inna ta ga Dona Selma su yi ta ɗaga wa juna hannu. Ina zaune a ɗaki ni kaɗai ina jiyo muryar Inna tana dariya a kicin ɗin wasu. Kai, abin da ciwo.

Na riƙe abu ɗaya: lokacin komawa yana matsowa. Na ce a raina ku yi ta dariyarku, ranar tafiya dai jirgi ɗaya za mu hau. Na fara sayen tsaraba. Na sa ƙanena ya duba mana shaguna a Wunti, ya ce akwai biyu a jere kusa da masu kayan miya. Na nuna wa Iliya hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye wayar a kan katifa.

"Habu, ina so mu yi magana."

"Muna yi ai."

"Zan auri Luiza."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Da na ga bai yi ba sai na ce, "To madalla. Sai ta haɗa kayanta. Ta iya daka?"

Ya ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai ba, shi ma kuma aikin ya karɓe shi. Zai riƙa zuwa ganin gida. Ya riga ya yi magana da Inna da kawunsa, sun amince, sun sa albarka.

Nan ne raina ya ɓaci. "Au, har an gama? Inna ta sani, kawu ya sani, matar gida ta sani, ƙila ma kajin kamfani sun sani, sai Habu ne bare?"

"Tsoron bakinka nake ji."

"Alkawarin fa? A gaban uwarka na dafa ƙirji!"

"Kai ka dafa, Habu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ina tsaye ne kawai."

Ban taɓa jin maganar da ta shige ni irin wannan ba. Na tashi na fita, na yi ta zagaya garin cikin sanyi ba rigar kirki, karnukan mutane suna yi mini haushi ta bayan shinge. Da na dawo na tarar ya ajiye mini shinkafa da wake a rufe. Na ci, don fushi bai taɓa hana ni cin abinci ba in dai ba alawar nan ba ce.

Ban fasa tafiyata ba. Na sayi tikiti, na ce ko shi ko babu shi. A ƙasan raina ina jiran ya ga da gaske nake, ya karaya. Maimakon haka sai suka matso da bikin don kada in tafi ban halarta ba. Ya ce ni ne babban aboki, ba shi da wani. Na ce oho. Amma ni na wanke masa shaddarsa, ni na goge ta, ni na karya masa hula.

An ɗaura aure ranar Juma'a a ɗan masallacinmu na ma'aikata, wani limami ɗan Sudan ya ɗaura, kawun Iliya yana saurare ta waya daga Bauchi. Muka nemi goro ƙasa da sama a garin nan, babu. Dabino aka raba. Na ce wa Iliya, "Ɗaurin aure ba goro, wannan ai taron suna ne na 'yan gudun hijira." Ya yi murmushi kawai, ranar ko me na faɗa ba ya jin zafi.

Washegari dangin amarya suka yi nasu bikin a wani zaure na unguwa. Dona Selma ta hana a kawo giya da alade saboda surukinta, wasu kawunnan amarya suna ta gunaguni. Aka ci nama, aka yi kiɗa da rawa. Iliya yana tsakiya cikin farar shadda, wannan ya rungume shi, wancan ya sumbace shi a kumatu, bakinsa har kunne. Yana magana da yarensu suna kwashewa da dariya, ni ban san me ake wa dariya ba. Ina zaune a gefe da kofin lemo, babban aboki guda, ba wanda zan ce wa kanzil. A bakin ƙofa an jera alawar nan a kan tebur, tsibi guda, farar takarda da ɗaurin zinariya. Na san hannun da ya ɗaure su.

Da taro ya kusa tashi, Dona Selma ta tafa hannu aka yi shiru. Ta ɗauko ɗaya daga saman tsibin, ta ratso mutane ta nufo ni. Iliya da Luiza suna biye da ita. Ta yi magana mai ɗan tsawo, idonta yana ƙyalli. Iliya ya fassara mini: wai ta san ni na kawo mata ɗa daga nesa, ni na riƙe shi lokacin da ba shi da kowa, don haka na farko nawa ne kafin kowa ya ɗauka.

Kowa ya zuba mini ido. Ba halin in ce haƙori. Na karɓa, na warware ɗaurin, na buɗe takardar. Ga shi nan a tafin hannuna, ɓari biyu a manne, da layi a tsakiya.

Ku da kuke Hausawa ku gaya mini, in an miƙo maka abu mai ɓari biyu a wajen biki, amininka yana tsaye a gabanka, me hannunka zai yi? Ban yi tunani ba. Babban yatsana ya shiga layin nan kamar yadda ake ɓare goro, na raba shi biyu, madarar ta yi zare ta tsinke. Na miƙa wa Iliya ɓari ɗaya na ce, "Ungo, ango."

Sai na ji zauren ya ja numfashi. Wata tsohuwa, kakar amarya, ta dafe ƙirji ta yi alamar addininsu a goshi. Luiza ta rufe baki da hannu. Mai kiɗa ma ya tsaya. Na duba hagu na duba dama, hannuna yana miƙe, ban san me na yi ba.

"Habu," Iliya ya ce da Hausa, a hankali, "ɓari ɗaya ango ne, ɗaya amarya. Madarar ita ce auren. A gidan nan ba a raba shi, a haɗe ake ci. Na so in gaya maka tuntuni, ka rufe kai da bargo."

Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Amma ban janye hannuna ba. Wani abu ya taso mini, na ce a raina to bari mu gani. Tun muna yara ban taɓa miƙa wa Iliya rabin abu ya ƙi karɓa ba. Rabin rake, rabin tsire, rabin burodin São Paulo. Na ƙara matsar da hannun.

"Karɓi mana. A garinmu haka ake yi."

Ya dubi ɓarin. Ya dube ni. Na ga hannunsa na dama ya motsa, wallahi na gani. Sai ya juya ya dubi Luiza, ya mayar da hannun ya kama nata.

"Ka yi haƙuri, Habu. Ba zan iya ba."

Shi ke nan. Ba faɗa, ba zagi. A nan na san jirgin nan ni kaɗai zan hau.

Dona Selma ce ta fitar da mu kunya. Ta kama hannayena biyu da faffaɗan hannunta, ta haɗa su, ta kifa ɓarin a kan ɗan'uwansa ta danna da yatsa har madarar ta sake kamawa. Ta ce wani abu da ƙarfi, mutane suka saki dariya, kakar ma ta sauke hannu. Iliya ya ce wai ta ce ta shekara talatin tana wannan sana'a, ba a taɓa raba wanda ta kasa mayarwa ba. Sannan ta ce in roƙi abin da nake so a zuciyata kafin in gatsa, haka al'adar take.

Abin da nake so? Na san abin da nake so sarai. Ina so in ga Iliya a kujerar kusa da ni, yana ƙorafin sanyin jirgi. Ina so yarinyar nan ta gaji da shi. Ina so yaren nan ya zube daga bakinsa. Duk suna nan a ƙirjina, a shirye. Na dubi fuskarsa, ya yi ƙiba, idonsa ya washe, ba shi ne mai kumburarren hannun nan ba. Na ce Allah na tuba. Na buɗe baki na ce da ƙarfi, "Allah ya ba da zaman lafiya." Iliya kaɗai ya ce amin, don shi kaɗai ya ji.

Na yi bismillah na gatsa.

Jama'a, abin nan da daɗi. Sukarin waje ya ɗan fashe a haƙori, kek ɗin ya narke tun kafin in tauna, sai madarar ta biyo baya, mai kauri, da ɗan ƙamshin ƙauri-ƙauri irin na alawar madara in ta kusa kamawa. Na so a ce ya yi ƙarnin ƙwai, ko zaƙin ya hau kai, in samu abin faɗa. Babu. Shekaru ina gudun abin nan yana bayan bangona. Na haɗiye, hawaye suka zubo, mutane suka yi ta tafi suna cewa daɗi ne ya sa baƙo kuka. Na bar su a haka.

Bayan kwana biyu suka raka ni tasha su uku. Dona Selma ta sa mini wani ɗan kwali a jakar hannu, ta ce na uwar ango ne, in kai mata da hannuna kafin ya bushe. Iliya ya rungume ni irin rungumar mutanen can. Na ce, "Sake ni, kai, mu ba ma haka." Amma ban ture shi ba. Mota ta tashi, na ga ya juya yana gaya wa Luiza wani abu, ta dafa kafaɗarsa. Har muka sha kwana ina son in san me ya ce.

Na iso Bauchi da rana tsaka, zafi ya mare ni a fuska na ji daɗinsa. Washegari na hau keke zuwa Fadaman Mada. Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana tsince shinkafa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Iliya ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma tambayarsa kai tsaye. Sai can ta ce, idonta a kan faranti, "Mutumin naka fa, yana cin abinci?"

Ga dama ta samu. Da na ce ya rame, da na ce matar ba ta iya girki ba, da na ɗan yi shiru kawai na girgiza kai, na san a daren za ta kira shi. Na ce, "Inna, ya yi ƙiba. Suna ji da shi."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Kai ne dai ka rame."

Na ciro kwalin na ba ta. Ta warware ɗaurin a hankali, ta tsaya tana shafa ƙyallen da yatsa, ta san hannun ɗanta. Ta buɗe takardar, ta juya alawar ta ga layin tsakiya. Ta sa farcen babban yatsa za ta ɓare ta ba ni rabi.

Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba.

"Inna, ba a raba shi. A haɗe ake ci."

Ta dube ni da mamaki. "In ji wa?"

"Haka suke yi a gidan su Iliya," na ce.

Ta gatsa a haɗe, ta lumshe ido tana taunawa. Ni kuma na yi mata sallama na fito, don mai shagon Wunti yana jirana in gaya masa ɗaya kawai zan kama.